Arzikin Katanga da Faɗuwar Lumumba

Sau da yawa idan ana zancen rikicin Kwango na 1960, sai a taƙaita shi da cewa faɗa ne tsakanin Amurka da Rasha a kan aƙida. A wannan ɗan rubutu za mu yi ƙoƙarin nuna cewa aƙidar riga ce kawai aka sa wa rikicin. Asalinsa yana ƙarƙashin ƙasar lardin Katanga.

Shi wannan lardi a wancan lokaci yana kudu maso gabashin Kwango, kuma Allah ya hore masa tagulla da kobal da yuraniyom. A 1906 aka kafa wani kamfanin Turawa mai suna Union Minière, wanda ya riƙa haƙar su. Daga mahaƙarsa ta Shinkolobwe ne Amurka ta samo mafi yawan yuraniyom ɗin da ta ƙera bom ɗin da ta jefa wa Hiroshima a 1945. Ke nan tun kafin duniya ta san sunan Lumumba, manyan ƙasashe sun san hanyar Katanga. Harajin wannan kamfani kuwa shi ne ginshiƙin baitulmalin Kwango.

Ranar 30 ga Yuni 1960 Beljiyam ta miƙa mulki. Kasabubu ya zama Shugaban Ƙasa, Lumumba Firayim Minista. To, amma wane irin mulki aka miƙa? 'Yan ƙasar masu digirin jami'a ba su kai talatin ba, kuma babu baƙar fata ko ɗaya mai muƙamin hafsa a soja. Watau an ba su rawani, mabuɗin taska kuwa yana aljihun Bature. A wurin bikin, Sarkin Beljiyam ya yabi Liyofol na Biyu, wanda mulkinsa ya yi ƙaurin suna wajen zalunci. Lumumba, wanda ba a tsara zai yi magana ba, ya tashi ya tuna wa jama'a bulala da aikin tilas da wulakancin da suka sha. Gaskiya ya faɗa, amma tun daga ranar Turawa suka ƙullace shi.

Ba a yi mako guda ba sojoji suka yi bore. Beljiyam ta fake da kare 'ya'yanta ta sauke dakaru, sannan ranar 11 ga Yuli Chombe ya yi shelar ɓallewar Katanga. A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya lura. Kamfanin nan ya juya harajinsa zuwa ga Chombe, da kuɗin aka ɗauki sojojin haya, hafsoshin Beljiyam suka shirya masa runduna. Gwamnatin da ba ta cika sati biyu ba ta wayi gari an yanke mata jijiyar wuya.

Lumumba ya kai kuka ga Majalisar Ɗinkin Duniya. Ta aiko da dakaru, waɗanda daga baya sojojin Nijeriya suka shiga cikinsu, amma ta ƙi yarda a yi amfani da su wajen murƙushe Katanga. Ya tafi Amurka bai samo abin da ya je nema ba. Daga nan ya juya ga Rasha, ta ba shi jiragen sama da manyan motoci. A ganina wannan shi ne babban kuskurensa, ko da yake wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Ita ma Rasha ba don Allah ta yi ba, gindin zama take nema a tsakiyar Afirka. Nan take aka laƙaba wa Lumumba sunan ɗan gurguzu, maganar tagulla ta ɓace cikin hayaniyar yaƙin cacar baka.

Sauran labarin gajere ne. A watan Satumba Kasabubu ya tuɓe shi, Kanar Mobutu ya karɓe iko. Aka kama shi a Disamba, ranar 17 ga Janairu 1961 aka kai shi Katanga, wurin abokan gabarsa, aka harbe shi tare da Mpolo da Okito a gaban hafsoshin Beljiyam. Aka narkar da gawarsa a ruwan asid.

A 1963 dakarun Majalisar suka kawo ƙarshen ɓallewar Katanga, watau abin da aka hana Lumumba aka yi bayan ba shi. Mobutu ya riƙe ƙasar daga 1965 zuwa 1997 da ɗaurin gindin ƙasashen Yamma. A 1975 wani kwamitin Majalisar Dattijan Amurka ya tona cewa hukumar leƙen asirin ƙasar ta shirya sa wa Lumumba guba. Beljiyam ta nemi gafara a 2002, sannan a 2022 ta mayar wa iyalinsa da haƙorinsa guda, wanda wani ɗan sandanta ya ajiye.