Gajiyar da Barci Ba Ya Maganinta

A ƙarshen Disambar 2020, wata ma'aikaciya 'yar shekara 22 ta yanke jiki ta faɗi a birnin Urumqi na ƙasar Sin, tana hanyar gida daga aiki bayan ƙarfe ɗaya na dare. A asibiti rai ya yi halinsa. Kamfanin da take yi wa aiki, Pinduoduo, an kafa shi ne a Shanghai a 2015, cikin shekara uku har ya fara sayar da hannun jari a kasuwar Nasdaq ta Amurka. A lokacin rasuwarta yana rige-rigen kafa sashen sayar da kayan cefane ta intanet.

Sabon kamfani da kuɗin masu zuba jari yake tafiya, su kuwa bunƙasa suke son gani kowane wata. Aiki ya ninka, ma'aikata ba su ninka ba, sai mutum ɗaya ya ɗauki nauyin uku. Da farko a ce na ɗan lokaci ne, a daure. Kafin a ankara daurewar ta zama al'ada. Waya na ƙara tsakar dare, wanda ya tashi da magariba a bi shi da kallo, mai neman hutu ya riƙa jin kamar ya ci amanar abokan aikinsa. A Sin ana kiran tsarin 996: tara na safe zuwa tara na dare, kwana shida a mako, awa 72 ke nan. A 2019 Jack Ma, wanda ya kafa Alibaba, har albarka ya kira shi.

A shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace wannan gajiya da cewa matsala ce da wurin aiki ke haifarwa. Alamominta uku: ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita daga ran mutum har ya tsane shi, ƙwazonsa ya ragu. Ta biyun ce ta fi ba ni tausayi, domin sau da yawa mai kishin aikin take kamawa. Wanda jiya shi ne kan gaba wajen kawo shawara, yau yana zaune a taro shiru, ya zura wa kwamfuta ido. Sai oga ya ce lalaci ne.

Lamarin ya wuce ɓacin rai. Binciken da hukumar ta fitar tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ya ƙiyasta cewa a 2016 mutum 745,000 sun mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya sakamakon aikin awa 55 ko fiye a mako.

Hutun kwana uku ba ya warkar da wanda zai dawo ya tarar da tulin aikin yana jiransa. Gyaran na hannun shugabanni: a ƙara ma'aikata, a rage buri, a tsayar da lokacin tashi, oga ya fara tashi da kansa. A Agustan 2021 Kotun Ƙolin Sin ta bayyana cewa 996 ya saɓa wa doka, a watan ne kuma ByteDance, mai TikTok, ya soke aikin Lahadi na tilas da ma'aikatansa ke yi duk bayan mako biyu.