Amfilifayar Da Ake Ɗauka Da Hannu Ɗaya

(Kiɗan buɗe shiri: jitar bes ita kaɗai, daga baya ganga ta shigo)

Yau bayan dandamali za mu leƙa, can gefen mai ganga, inda wani bawan Allah yake tsaye da doguwar jita mai tsirkiya huɗu masu kauri. Ba shi ake kallo ba, ba shi ake yi wa liƙi ba, amma ya ɗaga hannu na minti ɗaya ku ga yadda masu rawa za su fara waige-waige. Shi ne mai bes. A bayan ƙafarsa akwai wani ɗan baƙin akwati da makaɗa ke kira kombo, wato amfilifaya da lasifika a haɗe cikin gida ɗaya. Tambayar da za mu bi yau ita ce, shin wannan ɗan akwati zai iya riƙe wasa a gaban jama'a, ko kuwa na gwaji ne a ɗaki kawai?

Bari mu ɗan koma baya. A 1951 wani Ba'amurke mai gyaran rediyo, Leo Fender, ya fito da jitar bes ta lantarki mai suna Precision Bass a jihar Kalifoniya. Kafin nan mai bes yana fama ne da wani ƙaton goge na katako da ya kai tsawon mutum, wanda ganga da kakaki ke danne muryarsa. Shekara ɗaya bayan haka, a 1952, kamfaninsa ya ƙera wa jitar amfilifaya mai suna Bassman. Abin dariya, masu jita ta yau da kullum ne suka fi ƙaunar Bassman, har Jim Marshall na Landan ya kwaikwayi tsarinta wajen ƙera tasa amfilifayar a 1962. A 1960 kuma Jess Oliver na kamfanin Ampeg ya ƙera B-15, akwati mai lasifika ɗaya ta inci 15 da ƙarfin da bai wuce wat 30 ba. Kan amfilifayar yana kife ne a cikin akwatin lokacin tafiya, in an isa wurin wasa sai a juyo shi sama a ɗaure. Har gobe masu ɗaukar waƙa a situdiyo suna neman muryarta.

Sai wuraren wasa suka girma, masu ganga suka ƙara ƙarfin hannu. A 1969 Ampeg ta fito da SVT mai wat 300, wadda ƙungiyar Rolling Stones ta zagaya Amurka da ita a wannan shekarar. Kanta kaɗai ya kusa kilo 40, akwatinta kuma lasifika takwas ne a jere, makaɗa suna kiransa firji saboda girmansa. Shekaru da dama, duk mai bes ɗin da ke son a ɗauke shi da muhimmanci, irin wannan kaya yake mafarki, ko da bayansa zai biya kuɗin.

Abubuwa biyu ne suka sauya lamarin. Na farko, sabon tsarin amfilifaya da ake kira Class D, wanda ke kunna wuta yana kashewa sau dubban ɗaruruwa a cikin daƙiƙa ɗaya. Wajen kashi 90 cikin 100 na wutar da ya sha yakan isa ga lasifika, kaɗan ne ke zama zafi, don haka babu buƙatar ƙatuwar tiransifoma da tarin ƙarfen sanyaya ciki. Na biyu, maganaɗisun neodymium da aka samar a shekarun 1980, ɗan ƙarami mai jan gaske, wanda ya maye gurbin tsohon maganaɗisu mai nauyi a bayan lasifika. Kamfanin Markbass na Italiya, wanda Marco De Virgiliis ya kafa, yana cikin waɗanda suka yi suna da kayan bes marasa nauyi. A yau Fender Rumble 100, mai lasifika ɗaya ta inci 12, nauyinta wajen kilo 10 ne. Mai bes zai rataya jita a kafaɗa, ya ɗauki akwati da hannu ɗaya, ya tare A Daidaita Sahu.

(Gajeren kiɗa)

To amma rage nauyi bai sauya halin iska ba, kuma nan ne gizo ke saƙar. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa. Igiyar sautin da take fitarwa ta fi mita 8 tsawo, wato ta fi faɗin yawancin ɗakunanmu. Kafin lasifika ta haifar da irin wannan sauti, dole ta tura iska mai yawa, ta ja ta, ta sake turawa. Duk lokacin da sauti ya sauka zuwa rabin yawan kaɗawarsa, lasifika na buƙatar motsa iska ninki huɗu kafin ƙarar ta tsaya yadda take. Ku tsuguna gaban kombo, ku leƙa ta cikin ragar ƙarfen nan yayin da mai bes ya bugi babbar tsirkiya. Za ku ga takardar lasifikar tana fitowa tana komawa da ido, gashin hannunku ma zai ji iskar. In aka matsa mata fiye da kima, sautin zai fara ɓarɓarwa, sai wari kamar na ƙonannen roba ya biyo baya, daga nan kuma sai wurin mai gyara. Neman ɗan kombo ya cika babban ɗakin taro da bes tamkar ba mutum maficin hannu ne a ce ya yi wa ɗaruruwan baƙi fifita.

Akwai kuma ruɗin lamba. Mai saye yakan ga wat 200 ya ɗauka ƙararta ta ninka ta mai wat 100. Ba haka kunne yake ji ba. Ninka wat sau biyu ƙarin desibel 3 kawai yake bayarwa, abin da za ka lura da shi amma ba zai girgiza ka ba. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ninka wat wajen sau goma. Sannan lambar da aka rubuta a gaban akwati sau da yawa ba ta cika sai an jona ƙarin akwatin lasifika. Rumble 500, alal misali, wat 350 take bayarwa ita kaɗai, sai an haɗa mata akwati na biyu take kai 500. Wanda zai yi irin wannan haɗi ya duba bayan amfilifayarsa tukuna, akwai lambar om, wato ma'aunin juriyar lasifika, da aka rubuta, yawanci 4, kuma sauka ƙasa da ita ganganci ne.

Ni dai a ganina, yawancin masu kuka da ƙaramin kombo aikin da ba nasa ba suke ɗora masa. A wurin da akwai manyan lasifikun taro da miksa, kombo na kunnen mai bes ne da na mai ganga. Jama'a kuwa haƙƙin mai kula da sauti ne. Ku juya akwatin ku dubi bayansa. Mafi yawan na zamani suna da wata kafa zagayayya mai ƙusa uku, irin ta wayar makirfo, an rubuta DI a gefenta. Ta nan ake jan waya zuwa miksa, sautin jitar ya tafi manyan lasifiku kai tsaye. Kusa da ita akwai ɗan maɓalli na raba layin ƙasa. In kun jona waya kuka ji wani gurnani mara yankewa yana fita daga lasifiku, kafin ku zargi kowa ku danna shi, sau da yawa shi ke nan an wuce wurin. Wasu kuma suna da maɓalli na biyu, wanda ke zaɓar ko a aika sautin yadda ya fito daga jita, ko bayan mai bes ya murɗa nasa gyare-gyaren. Masu kula da sauti sun fi son na farko, kuma suna da gaskiya, domin abin da ya yi daɗi a taku biyu daga akwati ba lallai ya yi daɗi a kujerar ƙarshe ba.

Ga wani abu da ke faruwa kusan a kowane biki. Mai bes ya ajiye kombo a ƙasa, ya tsaya daf da shi. Sautin yana wucewa ta ƙwaurinsa, kunnensa na can sama ba ya jin komai sai ganga. Sai ya miƙa hannu ya ƙara. Can sai ga mai miksa ya taso yana yarfa hannu: “Oga, don Allah ɗan rage, kana cinye mini muryar mai waƙa.” Shi kuma ya rantse ko kansa ba ya ji. Dukansu gaskiya suke faɗa. Maganin bai kai na naira ɗaya ba: a ɗora akwatin kan kujera mai ƙarfi, ko a karkata shi baya ya fuskanci kan mai shi, ko kuwa mai bes ya matsa gaba kaɗan. Shi ya sa wasu kamfanoni ke yanke ƙasan akwatin a karkace tun daga masana'anta.

Wurin ajiya ma yana da nasa tasiri. Kombo a jikin bango yakan ƙara kauri, a kusurwa ya ƙara fiye da haka, don bangon yana maido da sautin da zai tsere baya. Kyauta ce ga mai ƙaramin akwati, sai dai in ta yi yawa sautin yakan dunƙule, a kasa bambance wannan bugu da wancan. Dandamalin katako mai rami a ƙasa shi ma yakan ɗauki sautin ya yi ta ruri, a nan ɗaga akwatin daga kan katakon ya fi. A fili kuwa, ƙarƙashin rumfa ko a farfajiyar makaranta, babu bangon da zai taimaka. Kombon da ya cika coci a Jos ko Kaduna ranar Lahadi, a fito da shi fili ranar Asabar sai a yi ta neman muryarsa. Makaɗan jita na Agadas, waɗanda yawancin wasanninsu na bukukuwan aure a waje suke yi, da wannan matsala suke kwana suke tashi.

(Gajeren kiɗa: bes shi kaɗai)

Yanzu ku saurari abin da muka sa muku. Da yawanku a ƙaramin rediyo ko a waya kuke jin mu, kuma lasifikar da ke ciki ba ta da ikon fitar da kaɗawa 41 a daƙiƙa ko kusa da haka. Duk da haka kun ji bes ɗin, kun bi shi. Dalili kuwa, kowace tsirkiya tana fitar da wasu sautuka a saman na asali, ninki biyu, ninki uku, ninki huɗu, ƙwaƙwalwa kuma tana jin waɗannan ta cike na ƙasan da kanta. Gogaggen mai bes da wannan yake cin abinci. Maimakon ya murɗa maɓallin kauri har ƙarshe, abin da ke shanye ƙarfin amfilifaya ya wahalar da lasifika, sai ya ɗan rage shi, ya ƙara na tsakiya. In ka ji shi shi kaɗai sai ka ce sautin ya bushe. Bari ganga da fiyano su shigo, a lokacin za ka ji kowane bugu nasa ya fito sarai. Sababbin shiga sukan yi akasin haka, su gyara sauti a ɗaki su kaɗai har ya yi musu zaƙi, su zo cikin taro ya nutse.

Yaushe ne ƙaramin kombo ba zai wadatar ba? In babu manyan lasifiku, ko akwai amma na murya ne kawai, kuma mai ganga mai nauyin hannu ne, to wat 40 ko 50 wasa ne. Irin wannan na gwaji ne, da ɗan zama mai kalangu ko jita mara lantarki. Ga cikakkiyar ƙungiya a matsakaicin ɗaki, ni ba zan ba mutum shawarar ƙasa da wat 200 ba, da lasifika ɗaya ta inci 15 ko biyu na inci 10. Wanda yake wasa a fili akai-akai ya nemi akwati na biyu, domin ƙarin lasifika ya fi ƙarin wat amfani.

Saura maganar wuta, wadda a ƙasashenmu ita ce ta fi kashe kaya. Kayan da aka ƙera don kasuwar Amurka na wuta 120 ne, tamu kuwa a Najeriya da Nijar 220 zuwa 230 ce. Wanda ya sayi na hannu da aka shigo da shi, ya karanta rubutun da ke kusa da kafar wuta kafin ya jona, don kuskure ɗaya ya isa. A wurin biki kuma kada a kunna amfilifaya sai janareta ya tashi ya daidaita, a kuma kashe ta kafin a kashe shi. In layi ɗaya ne da firjin sanyaya lemo ko fitilun ado, gara a nemi wani, ko a sa sitabilaiza a tsakani. Ƙurar hunturu tana toshe ɗan fankan da ke ciki, sai amfilifayar ta yi zafi ta ɗauke da kanta ana tsakiyar waƙa, saboda haka a riƙa busa ta, kada kuma a manna bayanta da labule. Akwai wani abin da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya zaro kuɗi: tsofaffin amfilifayoyi masu nauyi, mai gyaran rediyo na unguwa yakan buɗe ya canza abin da ya ƙone. Sababbin marasa nauyi kuwa, in allon cikinsu ya mutu, galibi sai dai a canza shi ɗungurungum, kuma kafin a samo shi daga waje ana iya shafe makonni. Mai bes ɗin da ke da wasa kowane ƙarshen mako ya ajiye ɗan akwatin DI na daban a jakar jitarsa. Ranar da kombo ya ƙi tashi, sai ya jona jita kai tsaye zuwa miksa, ya roƙi mai sauti ya maido masa da kaɗan ta lasifikar da ke gaban mai waƙa.

 

(Kiɗan rufe shiri)