Ɗaliban Kimiyyar Kwamfuta Na Buƙatar Yayyensu

Kwanakin baya wani ɗalibin sashen kimiyyar kwamfuta, wanda na taɓa koyarwa a darasin bai-ɗaya na 'yan ajin farko, ya same ni a ofis jikinsa a sanyaye. Wani kamfani a Legas ne ya gana da shi ta intanet don ɗaukar aiki, ba a yi minti ashirin ba aka sallame shi, alhali yana cikin na gaba-gaba a ajinsu. Da na nemi ya maimaita mini tambayoyin, sai na tarar babu wadda ta taɓo abin da ya haddace. Cewa aka yi ya nuna shafinsa na GitHub, ya ba da labarin wata manhaja da ya taɓa ginawa tare da wasu, ya kuma faɗi yadda suke yi idan gyaran mutum biyu ya ci karo a wuri ɗaya. Ya ce da ni, "Wallahi Malam, na ji Turancinsu sarai, amma ban gane me suke nema ba."

Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin ta faɗo cikin fagenmu na nazarin harshe. Kowace sana'a tana da nata karin magana da nata ladubban. Mahauta suna da nasu, maƙera da dillalan Kantin Kwari suna da nasu, kuma babu wanda ya taɓa koyonsu daga ƙamus. Daga bakin masu yi ake ɗauka, ta hanyar zama da su, da yin kuskure a gabansu su gyara. Sana'ar rubuta manhaja ba ta fita daga wannan ƙa'ida ba. Malami zai koya wa ɗalibi lissafi da tsarin bayanai, amma yadda ake karɓar gyara ba tare da fushi ba, da yadda ake cewa "wannan aikin zai ci mako biyu" a kuma cika alkawari, sai wanda yake cikin harkar.

To, ina masu harkar? Muna da su jibge. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, ta daɗe da cibiyar kwamfuta mai ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, ga kuma Bayero ta Kano da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ta Maiduguri. Waɗanda suka yaye suna bankuna, suna kamfanonin sadarwa, suna hukumar NITDA, wasu ma daga ɗakunansu a Kaduna suke yi wa kamfanonin Turai da Amurka aiki. Sai dai idan ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta tashi yin abin alheri, ba ya wuce gina ƙofa, ko haƙa rijiyar burtsatse, ko walimar shekara a otal da rabon kalanda. Ba na raina rijiya, duk wanda ya zauna a ɗakin kwanan ɗalibai ya san darajarta. Amma ƙanin da ke ajin ƙarshe ya fi buƙatar awa ɗaya ta lokacin yayansa.

Kada mai karatu ya ce ai wannan aikin jami'a ne. Jami'a tafiyar hawainiya take yi. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma ba a yi wata biyu da komawa aji ba sai ga ChatGPT ya fito, ya soma yin irin ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon ma'aikaci ya koyi hannu. Sabon tsarin karatu da hukumar NUC ta ƙaddamar a ƙarshen shekarar ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da kanta, to wa ya fi tsohon ɗalibi mai aiki sanin abin da ya dace a zuba a gurbin? Shirin SIWES kuwa, wanda asusun ITF ya kafa tun 1973 don ɗalibai su ɗanɗani aiki, sau nawa muka ga ɗalibin kwamfuta ya ƙare watanninsa a shagon buga takardu don ba shi da wanda zai yi masa hanya? Ɗalibin Jami'ar Legas zai iya hawa keke-napep ya isa Yaba, inda kamfanonin fasaha suke. Na Dutsin-Ma ko Gashuwa ba shi da wannan gata.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Bahaushe ya san ubangida da yaron shago: a riƙe yaro, a nuna masa sirrin ciniki, a yaye shi da jari. Amma in aka bar abin haka sakaka, mun san inda zai karkata. Kowa zai jawo ɗan 'yar'uwarsa da ɗan unguwarsu, a bar ɗan ƙauye da ba ya da kowa, a bar ɗalibai mata, waɗanda kunya da gudun zargi za su hana su kiran namijin da ba su sani ba. Saboda haka sashe ne ya kamata ya yi rabon da kansa, a rubuce: tsohon ɗalibi ɗaya, ƙanne huɗu ko biyar, ganawa ta waya duk mako biyu. Ya karanta abin da suka rubuta ya yi masa gyara, ya yi musu gwajin ganawar neman aiki, ya taya su zaɓen aikin kammala digiri mai amfani. A nemo tsofaffin ɗalibai mata musamman, suna nan, kuma ba a cika gayyatarsu ba.

Ta fuskar zaɓen aiki ma akwai filin da ke hannunmu. A 2022 aka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter na Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin Buroka da aka tantance don koya wa na'ura gane yabo da suka, kuma akwai malaman Jami'ar Bayero cikin jagororinsa. Ɗalibin da aka ɗora a kan irin wannan aiki yana da abin nunawa ranar ganawa, ya fi wanda ya kwafo manhajar rajistar ɗalibai karo na ɗari.

Cikas na farko ƙarami ne, har da ban kunya. Na tambayi wani shugaban sashe ko yana da lambobin wayar waɗanda suka gama shekara biyar da suka wuce, ya ce sai dai ya bincika. Kowane ɗayansu kuwa sai da ya bi ta ofishinsa aka sa masa hannu a takardar sallama kafin ya tafi hidimar ƙasa, kuma a nan ne ya kamata a ajiye littafin da za a rubuta sunansa da lambarsa.