Kafin A Aza Harsashi: Sanin Ƙasa Da Ruwan Da Ke Ƙarƙashinta

A shekarar 1173 aka aza harsashin wata hasumiya a birnin Pisa na ƙasar Italiya. Magina na kan hawa na uku ke nan sai ginin ya soma karkata, domin harsashinsa, mai zurfin kimanin mita 3 kacal, ya zauna ne a kan yumɓu da lallausan yashi masu jiƙe da ruwa. Da karkatar ta yi tsanani sai aka rufe hasumiyar a 1990, ba a sake buɗe ta ba sai a 2001, bayan injiniyoyi sun zaƙulo ƙasa daga ƙarƙashin sashenta na arewa don ta ɗan miƙe. Abin da ya sami wannan hasumiya shi ne ke tsaga bangon gidaje da ajujuwa da yawa a garuruwanmu.

Ƙasa iri-iri ce

Ƙasar sama, wadda manomi ke so, ita ce magini ke gudu. Cike take da saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye, waɗanda ƙwayoyin halitta ke ci gaba da cinyewa, su bar gurabe, ƙasar ta lotsa. Saboda haka ake kwashe ta kafin a haƙa harsashi, a tumɓuke kututture, a tone gidan gara har a fitar da sarauniyar.

A ƙarƙashinta akan tarar da marmara, ko yashi, ko yumɓu. Marmara da tsakuwa suna ɗaukar nauyi sosai. Yashi ma yana ɗauka idan ya matsu, sai dai ruwa kan zaizaye shi. Yumɓu ne mai wuyar sha'ani, musamman baƙar ƙasar nan da ake kira firki a yankin Dikwa da Ngala na jihar Borno. Da damina takan sha ruwa ta kumbura ta ɗaga gini, da rani kuma ta bushe ta tsuke, ta dare. Wannan hawa da sauka na kowace shekara shi ke karya harsashi. Itatuwa masu yawan shan ruwa, irin su turare da darbejiya, suna ƙara busar da yumɓu, don haka ba a dasa su gab da bango.

Akwai kuma filin da aka cike. A birane irin su Kano, kududdufai da dama da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu sun cika da shara, aka yanka su fuloti. Shara kuwa ruɓewa take yi, abin da aka ɗora mata ya bi ta ƙasa.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa

Duk wanda ya leƙa rijiya da bazara, ya sake leƙa ta a watan Agusta, ya san ruwan ƙasa yana hawa yana sauka. Wanda ya sayi fili a fadama da rani yakan ga ƙasa busasshiya, alhali da damina ruwan na iya tasowa har harsashi. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ƙarfinta raguwa yake yi. Ban da haka, ruwa yakan hau bulo kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, ɗauke da gishiri da kanwa masu cin filasta. Maganinsa shi ne a ɗaga daɓe, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankare, a gyara magudanar ruwa.

Tsirrai ma sukan tona asirin ruwa. Inda kacala ko gwangwala ta yi kore shar da rani, ruwa na kusa.

Lafiyar iyali ma ta rataya a nan. Ƙwayoyin kwalara da taifot kan bi ruwa daga masai zuwa rijiya. Shi ya sa masana ke ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakaninsu, ƙasan ramin masai kuma ya fi ruwan ƙasa tudu da aƙalla mita ɗaya da rabi.

Gwaji a cikin aji

Kafin babban gini, injiniya kan haƙa ramuka ya kai samfurin ƙasa ɗakin gwaje-gwaje. Malami ma na iya nuna wa ɗalibai tushen wannan aiki. A zuba ƙasa rabin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti guda, lallausar ƙasa ta bi bayan 'yan sa'o'i, yumɓu kuwa sai ya kwana ɗaya ko biyu. Kaurin kowane layi shi zai nuna halin ƙasar. Ɗalibai su ɗebo samfuri daga tudu da fadama, su kwatanta, sannan su faɗi inda ya fi dacewa a gina sabon aji.