Dutse mafi tsayi a Najeriya yana Taraba

'Yan'uwa mazauna Kudu, in aka tambayi yaranku a makaranta wane dutse ya fi tsayi a Najeriya, kada su ce na Jos. Ni da ke zaune a Jalingo ina gaya muku, a jiharmu yake.

Sunansa Chappal Waddi, tsayinsa mita 2,419, yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti, dab da iyakar Kamaru. Duwatsun Shere na Jos kuwa mita 1,829 ne. Ana kuma kiransa Gangirwal, wato dutsen mutuwa. Akwai Chappal Hendu a dajin. Hendu da Fulatanci iska ke nan, kun ga sunan ya gaya wa makiyayi abin da zai tarar a sama.

Wanda ke ba ni haushi shi ne Dimlang, a tsaunukan Shebshi da ke gabashin Jalingo, mita 2,042. Turawa suka laƙaba masa Vogel, sunan wani Bajamushe matafiyi da aka kashe a Wadai a 1856. Har yau shi ake gani a taswirori da yawa, alhali mutanen wurin na da sunan abinsu.