Kare Mai Cizon Yara: Abin Da Ya Wajaba Ga Hakimi Da Malaminsa

A cikin ƙararrakin da akan kawo ƙofar Hakimi akwai wata wadda ake ɗauka ƙarama, alhali kuwa rai ne a cikinta. Mutum ya riƙo hannun ɗansa, ya ce karen maƙwabci ya cije shi. Mai kare kuma ya zo ya ce shekara biyar ke nan kare yana gadin gidansa da tumakinsa, tare da 'ya'yansa ya tashi, bai taɓa yin haka ba sai yau, lalle yaro ne ya tone shi. Ga samari a waje da kulake suna jiran a ce musu su je su gama da shi. A irin wannan zama kuskure biyu ne ke jiran mai shari'a: ko a kashe kare nan take a jefar da gawarsa a juji, ko kuwa a ce a yi haƙuri don zumunci, kowa ya koma gida. Dukansu biyu suna iya jawo asarar yaron.

Dalili shi ne ciwon haukan kare. Ƙwayar wannan ciwo tana cikin yawun dabbar da ta kamu, ta shiga ta rauni, ta bi jijiya sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci takan yi wata biyu zuwa uku kafin ta nuna kanta, amma takan yi mako guda kawai, takan kuma kai shekara. Cizon fuska ko na wuya ya fi saurin kaiwa, ga shi kuwa a nan ne aka fi cizon ƙananan yara, gama fuskarsu daidai take da bakin kare. Muddin alamu suka bayyana, watau tsoron ruwa da firgita da dalalar yawu, to, kusan ba mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da shi kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kamar 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Amma fa kafin alamu su fito akwai magani tabbatacce. Tun 1885 Louis Pasteur na ƙasar Faransa ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 da allurar rigakafi bayan mahaukacin kare ya cije shi, allurar yanzu kuwa ta fi waccan kyau da sauƙi nesa ba kusa ba.

Saboda haka maganar yaro ita ce a gaba, ta kare ta biyo baya. A wanke raunin da sabulu da ruwa mai yawa, ana kwararawa, har minti 15 cikakku. Mutane sukan ga kamar wannan wasa ne, amma wankin nan shi kaɗai yana rage ƙwayar ciwon ƙwarai. Kada a cusa toka, ko barkono, ko gashin karen da aka ƙona, kamar yadda waɗansu ke yi. Sa'an nan a kai shi asibiti a ranar, ko da raunin karce ne kawai, a bar wa likita ya yanke shawarar allura. Kada dagaci ya ce a dakata tukuna a ga abin da zai sami kare. Allura ba ta jira.

Shi kuwa kare, a ɗaure shi da sarƙa a wurin da yaro ba ya kaiwa, a ba shi abinci da ruwa har kwana 10, mai unguwa yana zuwa yana dubawa kullum. Hikimar kwanakin nan ita ce, kare ba ya ɗauke da ciwon a yawunsa sai ajalinsa ya kusa. In ya cika kwana 10 yana ci yana sha garau, an tabbata ba hauka a cizon nan, hankalin iyaye ya kwanta. In kuwa ya daina ci, ko muryarsa ta sāke, ko ya kama cizon itace da ƙasa, ko muƙamuƙinsa ya saki, ko ƙafafunsa na baya suka shanye, a aika wa likitan dabbobi maza. Ba kowane mahaukacin kare ke gudu yana kai cizo ba. Wani sai ya lafe a lungu shiru, shi ne ma ya fi yaudarar masu gida. In tilas ta sa aka kashe shi don ya gagari kamu, kada a fasa kai, kada kuma kowa ya taɓa shi da hannu tsirara, gama ƙwaƙwalwar ake aunawa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin wannan awo, tana kuma yin allurar rigakafi ta karnuka. Wanda ya kashe kare ya yar, ya yar da shaidar da za ta nuna ko yaro yana cikin haɗari.

Akwai wata dabara da masu kare kan yi don gudun magana, wadda ya kamata Hakimai su toshe: da dare sai a sayar da shi ga fataken karnuka masu kaiwa kasuwanni irin ta Dawaki, ko a kai shi daji a sake. Wannan ba rabuwa da masifa ba ne, aika ta ne zuwa ƙasar wani Hakimi.

To, kwana 10 sun cika, kare lafiyarsa lau, saura halinsa. A nan ne ake bukatar natsuwa, don cizo iri-iri ne. A tambayi waɗanda suka gani da ido: me kare ke yi sa'ad da abin ya faru? Karya mai jego takan ciji wanda ya ɗauki ɗan kwikwiyonta. Kare yakan kai baki in an taɓa kaskon abincinsa, ko an taka shi yana barci, ko yana da miki a kunne aka ja. Wanda yara suka saba jifa yana ɗaure, ranar da ya tsinke ba ya bambanta wanda ya jefe shi da wanda bai jefa ba. Irin wannan, in ya yi gurnani tukuna, ya kai cizo sau ɗaya ya ja da baya, ana iya barinsa bisa sharaɗi: a yi masa shinge mai ƙofa, a riƙa ciyar da shi can nesa da yara, a sa masa takunkumi in za a fita da shi, a yi masa allurar rigakafi, wadda akan fara tun yana ɗan wata 3 a riƙa maimaitawa kowace shekara. Duka ba ya gyara shi. Karen da aka doka don ya yi gurnani, gurnanin yake bari, ba cizon ba, gobe sai ya kama yaro ba gargaɗi.

Amma karen da ya bi yaro da gudu ba tare da an tone shi ba, ko ya kama ya ƙi saki, ko wannan ne cizonsa na biyu ko na uku, ba shi da sauran wurin zama cikin unguwa. In akwai mafarauci ko mai gona a bayan gari inda ba yara, ya yarda ya karɓa bayan an faɗa masa halinsa ba ɓoyo, to. Ruga ba ta cikin wannan, gama ita ma cike take da yara. In babu, sai a kira likitan dabbobi ya kashe shi da allura, ba a bar wa samari su yi ta jifa da duka ba. Mai gida zai ji ciwo, 'ya'yansa ma watakila su yi kuka, kada a yi musu ba'a. Amma amfanin gadi ba ya tsayawa a ma'auni ɗaya da idon yaro.

Malaman fiƙihu ba su bar wannan magana ba. A mazhabar Malikiyya an yarda da riƙon kare don farauta da kiwo da tsaron gona, amma Muhtasar na Shaihu Halilu ya ambaci kare mai cizo wanda aka riga aka yi wa mai shi gargaɗi: in ya ci gaba da riƙonsa har ya yi ɓarna, alhakin yana wuyansa. Yanke diyya aikin alƙali ne, amma gargaɗin nan a zauren Hakimi ko na dagaci akan yi shi, gaban shaidu. Don haka malami ya shigar da shi cikin littafi: sunan mai kare da unguwarsa, kamannin kare da launinsa, ranar cizo, wurin da ya kama a jikin yaro, asibitin da aka kai shi, ranar da aka ɗaure da ranar da kwana 10 za su cika, da sharaɗin da aka gindaya, shaidu biyu su sa hannu. In cizo ya kai biyu a gari guda cikin wata ɗaya, ko da karnuka dabam ne, Hakimi ya rubuta wa sashen dabbobi na Ƙaramar Hukuma ya nemi a zo a yi wa karnukan garin allura gaba ɗaya, a kuma sa sanƙira ya yi shela kwana uku kafin ranar.