Motar da Ke Zabura da An Taɓa Totur: Kada a Ce "Ai Haka Take"

Akwai motar da ko yatsan ƙafa ka ɗora wa totur sai ta yi tsalle. A kan babbar hanya ba ta damun kowa, wasu ma yabonta suke yi, wai tana da jini a jika. Amma a cikin gosulo, ko wajen shiga gareji mai ƙunci, ko a ƙofar makaranta lokacin tashin yara, wannan zabura ce ke sa mutum ya daki bayan motar gabansa ko ya ture mai babur. Idan ka yi wa mai motar magana, sai ya ce ai haka take. Wani lokaci gaskiyarsa ce, haka aka ƙero ta. Wani lokaci kuwa matsala ce ke sallama tun kafin ta shigo.

A tsofaffin motoci, waya ce ta ƙarfe ta haɗa totur da bakin da iska ke shiga inji. Ka taka, waya ta ja, bakin ya buɗe. Yawancin motocin da aka ƙera cikin shekaru ashirin da suka wuce ba su da wannan waya. Sensa ce a jikin totur ke auna takun ƙafarka, ta aika wa kwamfutar motar, ita kuma ta umarci wata ƙaramar na'ura ta buɗe bakin iskar. Wasu kamfanoni da gangan suke tsara kwamfutar ta ba da wuta mai yawa tun daga farkon taku, don mai saye ya ji motar da ƙarfi. Idan motarka tana da maɓallin Sport, duba ko a kunne yake. Wanda aka rubuta wa Eco shi ne ke lafar da totur, kuma ya fi dacewa da cikin gari.

Irin wannan mota ƙafar direba ce maganinta. Kafa diddigenka a ƙasa, ka riƙa takawa da gaban ƙafa, kada ƙafar ta yi lilo a sama. Gyara kujera yadda za ka danne birki har ƙarshe gwiwarka na ɗan lanƙwashe. A otomatik, idan za ka tashi, saki birki ka bar motar ta fara silalawa da kanta kafin ka taɓa totur. Kuma ƙafar dama kaɗai ake tuƙa ta da ita. Masu ajiye ta hagu a kan birki su ne ke taka biyun a tare idan sun firgita. Silifas mai suɓucewa da takalmi mai tsini ba na tuƙi ba ne, haka bakin babbar riga ko zane ko dogon hijabi, a tattare su kafin a ta da mota.

Inda ya kamata hankali ya tashi shi ne motar da da can lafiya lau take, sai kwanan nan ta canja hali. Tana fizga, ko sulo ya hau, inji na ruri alhali ba ka taka komai ba, ko ka ɗaga ƙafa amma ƙarar ta ɗauki lokaci kafin ta sauka. Injin fetur da ya yi zafi yana tsaye, galibi allurar da ke nuna juyinsa ba ta wuce dubu ɗaya. Ƙurar hunturu da tururin baƙin mai kan taru a bakin iskar har murfinsa ya riƙa cijewa, sai ka ƙara ƙarfi ya ɓalle gaba ɗaya. Tiyon iska da ya tsage na ɗaga sulo. Sensa kan gaji. A mota mai waya, wayar kan yi tsatsa ko ta fara tsinkewa, ko kuma bakanike ya ɗaure ta tamau bai bar mata 'yar sarara ba. Har robobin da ke riƙe da inji, in sun mutu, suna sa mota fizga wajen tashi.

A nan sai an zaɓi wanda za a kai wa. Motar kwamfuta ba a yi mata gyaran lalube. A nemi mai na'urar da ake jonawa ta karanto laifin, musamman idan fitilar inji ta kama. Wasu motoci, bayan an wanke bakin iska ko an cire batir, sai an sake saita musu sulo, in ba haka ba su dawo daga gareji sun fi da hauka. Duk wanda ya ce zai yanke waya ko ya cire ƙwan fitilar don ta daina damunka, ɗauke motarka ka bar wurin.

Abin da ya fi kowanne arha, kuma ya riga ya ci rayuka, shi ne kafet. A watan Agustan 2009, kusa da birnin San Diyego na Amurka, wani jami'in 'yan sandan hanya da iyalansa uku sun mutu a cikin Lexus ES 350, bayan kafet ɗin roba da ba na motar ba ya danne totur. Kamfanin Toyota, mai ƙera Lexus, ya kira motoci kusan miliyan 3.8 saboda matsalar kafet, sannan a Janairun 2010 ya sake kiran miliyan 2.3 saboda totur mai maƙalewa. Binciken da hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta yi tare da hukumar binciken sararin samaniya ta NASA, wanda aka fitar a 2011, bai gano laifi a kwamfutar motocin ba. A 2014 kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 1.2 saboda ɓoye abin da ya sani. Labarin ya shafe mu, domin Camry ta 2007 zuwa 2010 da Corolla ta 2009 da 2010 suna cikin waɗanda aka kira, kuma irinsu ne ake shigo mana da su ta Kwatano da Legas. Mu kuwa ga mu da son kare kafet na asali, sai mu shimfiɗa na roba a kansa, wani ma hawa uku. Guda ɗaya ya isa, daidai da motar, a maƙale da ƙugiyarsa. Gorar ruwa da takalmin yara da ke yawo a ƙarƙashin kujerar direba su ma a kwashe.

Idan kuwa totur ya maƙale kana cikin tafiya, abu na farko tabbatar birki kake takawa, domin a ruɗe mutum kan danne totur ya rantse birki ne. Danne birkin da ƙarfi ka riƙe, kada ka yi ta takawa kana saki, hakan na ƙarar da iskar da ke taimaka wa birki. Mayar da giya firi, wato N. Mai manuwal ya taka kuloci. Inji zai yi ta kururuwa, ƙyale shi, ba ya ƙara tura tayoyi. Gangara gefen hanya, ka tsaya, sannan ka kashe. Kashewa ana gudu na sa sitiyari da birki su yi nauyi, don haka sai in giyar ta ƙi fita. Ko a lokacin kada ka zare makulli, sitiyari zai kulle. Mota mai maɓallin tayarwa, a Toyota sai an danne shi kamar daƙiƙa uku kafin ta mutu.

Motar da ta yi haka sau ɗaya, kada a sake hawa da ita titi sai an gano dalili. Maigida, kafin ka miƙa wa uwargida ko ɗanka ko sabon direba makulli, ka gaya musu halin totur ɗin motar, ka kai su fili ka nuna musu yadda ake jefa giya firi.